Ranar da firizarmu ta yi ɗumi

Mahaifiyata har yau ba ta gama gane aikina ba. Idan ƙawayenta a Zariya suka tambaye ta me ɗanta yake yi a Kano, sai ta ce musu, "Magani yake sayarwa, amma ba wanda ake sha ba." Na daina gyara mata, don ba ta yi nisa da gaskiya ba. Mu goma sha ɗaya ne a kamfaninmu, har da direba da maigadi, kuma kayan ɗakin gwaje-gwaje muke samar wa jami'o'i da asibitoci da cibiyoyin bincike: sinadarai, safar hannu, 'yan robobin zuba samfuri, fifet (bututun auna ɗigon ruwa) da tsinkunanta, sai kuma abin da ya fi komai tsada da saurin fushi, wato enzayim.

Ga wanda bai taɓa gani ba, enzayim ɗin yana zuwa ne a wata 'yar roba mai murfi da ba ta kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Abin da ke ciki wani lokaci rabin mililita ne, ruwa garai-garai mai ɗan yauƙi, in ka zuba a tafin hannu da ƙyar zai jiƙa shi. Amma kuɗinsa zai sayi buhun shinkafa, wani har biyu ko uku. Enzayim iri-iri ne: wani aikinsa yanka zaren DNA a daidai inda ake so, kamar almakashin tela da ke bin layin alli. EcoRI, misali, duk inda ya ga jerin GAATTC nan yake sara, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Wani ɗinki yake yi, ya haɗa guntaye biyu. Wani kuma kwafi yake ta bugawa har guntu ɗaya ya zama miliyoyi, da shi ake gwajin PCR, wanda kowa ya haddace sunansa lokacin korona. Dukkansu wuri ɗaya suke son zama, cikin firiza, a digiri 20 ƙasa da sifili. Mu kuwa muna garin da zafin Afrilu ke haura 40.

Kayan daga Amurka ko Turai suke tasowa cikin akwatin farin soso mai riƙe sanyi, wasu da jakunkunan ƙanƙara, wasu da busasshiyar ƙanƙara, wadda sanyinta ya kai 78 ƙasa da sifili kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, iska kawai take bi. Kowace rana da akwati ya yi yana jiran takardu, nauyinsa raguwa yake yi. Na taɓa ɗaga wani na ji shi sakayau kamar babu komai a ciki, tun kafin in yanke salatif gabana ya faɗi. Wannan sashen aikin ba a hannunmu yake ba. Wanda yake hannunmu shi ne daga ƙofar sito zuwa hannun mai saye, kuma a nan ne abin da zan ba da labari ya faru.

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah ta 2024 ne. Ranar Juma'a da yamma, lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta, makunnin layin da babbar firizarmu take kai ya faɗi, ba wanda ya lura. A tsarinmu na lokacin, yaron sito zai leƙo Asabar safe da yamma, Lahadi ma haka, ya duba ma'aunin sanyi ya rubuta a takardar da muka manna a murfi. Yaron, wanda bai fi wata bakwai da fara aiki ba, ya tafi ɗaurin auren abokinsa a Wudil ranar Asabar, hira ta yi daɗi, ya kwana can. Sai bayan la'asar ranar Lahadi ya buɗe sito. Ma'auni yana nuna 12 sama da sifili.

Ina son mai karatu ya tsaya a inda yaron nan ya tsaya. Shi kaɗai ne a ɗakin. Makunnin yana bango, ɗaga shi kawai zai yi, kafin safiyar Litinin firiza ta koma 20 ƙasa da sifili. Takardar murfi kuwa da biro ake cike ta, layi huɗu ne, minti ɗaya ya isa. Abin da ya fi muni, enzayim ba ya nuna alama. Ana haɗa shi da gilisarin kusan rabi da rabi don kada ya daskare, saboda haka a sanyi ruwa ne, a zafi ma ruwa ne. Ba ya tsami kamar nono, ba ya canza launi, ba ya wari. Mai kyau da matacce in ka jera su, ko Farfesa ba zai bambance da ido ba. Da ya yi shiru, da har abada babu mai sani.

Sai ya kira ni. Ina gida ina shirin alwalar magariba. Muryarsa na rawa ya ce, "Yaya, na yi ɓarna. Don Allah ka zo kafin ka gaya wa Hajiya." Na ce masa, "Ka ɗaga makunnin, kada ka ƙara buɗe murfin, kuma kada ka taɓa takardar nan." Ya ce, "Ban taɓa ba, Yaya. Na ɗauki biron, na ajiye."

Hajiya ita ce mai kamfanin. Ta yi shekaru sama da ashirin tana aikin gwaje-gwaje a asibiti kafin ta yi ritaya ta buɗe wannan wurin da kuɗin sallamarta da na wani fili da ta sayar. Ba mai sanyin hali ba ce, kada wani ya zaci labarin waliyyiya zan bayar. Ta taɓa mayar da ni gida daga ofis saboda na aika takardar farashi da kuskuren sifili ɗaya. A mota, kan hanyar zuwa sito, na riga na gama yi wa yaron bankwana a raina.

Da ta iso ba ta yi wa kowa magana ba. Ta duba ma'auni, ta duba takardar da layukanta huɗu suke fayau, ta ce a kawo mata jerin abin da ke ciki. Ta zauna kan kwali tana bi da jan biro, tana raba su gida uku. Taq, wato mai buga kwafin nan, ta ajiye gefe guda ba tare da damuwa ba, domin shi ɗan zafi ne tun asali: daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi, Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka cikin shekarun 1960, kuma a injin PCR ma ana kai shi kusa da tafasa sau talatin ko fiye yana aiki. Masu yankan DNA ta sa su a gida na biyu, ta ce yawancinsu suna da juriya fiye da yadda ake tsoro, amma sai an gwada. Gida na uku, masu ɗinki da masu juya RNA zuwa DNA, a nan fuskarta ta canza. A nan ne kuma kuɗin suke.

Washegari muka roƙi aron benci a ɗakin gwajin wani malamin jami'a da muka daɗe muna hulɗa da shi. Kwana uku muka yi a can. Gwajin masu yanka ba boyayye ba ne, a jikin takardar kowane ɗaya an rubuta ma'anar awonsa: ga yawancinsu, awo ɗaya shi ne adadin da zai yanke maikurogiram ɗaya na DNA ɗin wata ƙwayar bairos mai suna lamda cikin awa ɗaya a digiri 37. Sai mu tsarma, mu haɗa, mu jira, mu zuba a jel, wani faifai mai kama da daskararren kamu da ke jera guntayen DNA layi-layi, mu kunna fitila mu ga ko layuka sun fito inda ya kamata. Yaron ne Hajiya ta sa ya riƙa zuba samfurin da hannunsa, shi da bai taɓa riƙe fifet ba sai a kwali. Yawancin masu yanka sun tsallake. Na gida na uku kuwa wasu sun yi rauni, wasu ba mu da hanyar tabbatar da su yadda hankali zai kwanta, duk ta ce a fitar da su daga kayan sayarwa. Waɗanda suka tsallake ma ba ta yarda a mayar da su kamar ba abin da ya faru ba. Aka ɗiga musu jan fenti a murfi, aka kira masu saye aka faɗa musu gaskiya, aka rage farashi, yawanci malamai suka karɓa don koyar da ɗaliban aji uku da huɗu. Asarar da muka yi ta kusa cinye ribar wata uku.

Ba ta kori yaron ba, ba ta kuma taɓa albashinsa ba. Akawunmu ya kasa haƙuri, ya ce, "Ranki ya daɗe, in ba a cire masa ko rabi ba, gobe wani ma zai yi." Amsar da ta ba shi ita ce dalilin wannan rubutun. Ta ce, "Malam, in na cire masa, gobe wani zai yi, sai dai ba zai kira ba." Faɗa kam ta yi masa, na zuwa Wudil ba tare da ya nemi wanda zai tsaya masa ba, faɗan da har maigadi ya ji daga bakin ƙofa. Amma ta raba laifin tafiya da maganar kira, kuma ta ce laifin farko nata ne, da ta jingina kayan miliyoyi a kan biro da takarda da yaro ɗaya.

Na san abin da take gudu, domin ni ma an taɓa yi mini. Lokacin da nake digiri na biyu na yi wata huɗu ina maimaita gwaji ɗaya, jel yana fitowa fari fat. Na zargi hannuna, na zargi ruwan da nake amfani da shi, na zargi injin, har na fara zargin ko kaina ne bai dace da kimiyya ba. Mai duba aikina ya fara yi mini kallon malalaci. Ranar da wani abokina ya ɗiba mini ɗigo biyu daga nasa enzayim ɗin, a take layuka suka fito. Wanda ya sayar mini da nawa bai yi asarar ko kwabo ba, ni na biya da wata huɗu na rayuwata da kuɗin da babana ya sayar da masara ya aiko. A wannan sana'ar ramin ƙarya ba ƙurarre ba ne kamar yadda ake faɗa, yana da zurfi ƙwarai, domin ɗalibi kansa yake fara zargi.

Hajiya tana da wata durowa da take ajiye tsofaffin littattafan kaya na kamfanin New England Biolabs, wanda kowa a harkar ke kira NEB. Bangonsu ba hoton kwalabe ba ne, hotunan daji ne da teku da tsuntsaye, kuma shafukan baya cike suke da jadawalin da masu bincike ke buɗawa kamar littafin karatu. Tun kafin intanet ta wadata, da waɗannan shafukan ta koyi rabin abin da ta sani. Daga wurinta na fara jin labarin kamfanin, daga baya na bi na karanta da kaina.

Donald Comb ne ya kafa shi a 1974 a jihar Massachusetts, bayan ya bar koyarwa a makarantar likitanci ta Harvard. A lokacin, duk mai son enzayim mai yankan DNA sai ya noma bakteriya ya tace da kansa, aikin makonni, ko ya roƙi wani ya ɗiba masa. Richard Roberts, wani Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar Cold Spring Harbor, ɗakin gwajinsa ya gano da yawa daga cikinsu, mutane suna ta zuwa roƙo. Ya so cibiyar ta riƙa sayarwa a samu kuɗin bincike, ba a karɓi shawarar ba, sai ya zama mai ba Comb shawara. A 1992 ya koma NEB gaba ɗaya, a 1993 kuma aka ba shi lambar Nobel tare da Phillip Sharp. Ka ji fa, mai Nobel yana karɓar albashi a kamfanin sayar da sinadarai.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarinsu ba lambar ba ce. Kamfanin bai shiga kasuwar hannun jari ba, ma'aikata suna da rabo a riba, kuma idan kaya ya ba ka matsala ka tuntuɓe su, masana kimiyyar da ke da hannu a haɗa kayan ne suke amsawa. Wanda ya san shi zai sha tambaya gobe, yau zai auna da kyau. A Ipswich, inda suka koma a 2005, ruwan dattin harabar ma ta cikin tankunan tsirrai ake tace shi. Comb ya rasu a 2020.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Tun shekarun 1980 Comb ya ware wani ɓangare na kuɗin kamfanin don bincike kan tsutsotsin da ke haddasa tundurmi da makantar da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, cututtukan da masu fama da su ba su da kuɗin sayen komai daga hannunsa. Masu bincikensu na cikin waɗanda suka fitar da cikakken jerin DNA na Wolbachia a 2005, wata bakteriya da ke zaune cikin tsutsar, wadda tsutsar ba ta iya rayuwa yadda ya kamata in babu ita. Wannan ne ya sa doxycycline, da ke kashe bakteriyar, yake illata manyan tsutsotsin, alhali ivermectin da ake rabawa ƙauyuka, wanda kamfanin Merck na Amurka ke bayarwa kyauta tun 1987, 'ya'yan tsutsar ya fi kashewa. A ƙauyen kakata akwai wani dattijo da ƙafarsa ta kumbura har ba ya iya sa takalmi, muna yara muna tsoronsa, manya suna cewa sammu ne. Ban taɓa zaton zan girma in riƙa sayar da kayan kamfanin da ke nazarin abin da ya same shi ba.

Kada a ce na zama maroƙin NEB. Suna iya yin duk wannan ne saboda su ke haɗa kayan, ribar ɗigon ruwan nan mai kauri ce, kuma babu masu hannun jari da ke tsaye a kansu duk wata uku suna tambayar lissafi. Sauran kasuwar ba haka take ba. Cikin shekaru ashirin da suka wuce, manya saye ƙanana kawai suke yi, kamar yadda attajiri a Kantin Kwari ke saye shagon maƙwabci ya fasa bango. Thermo Electron da Fisher Scientific suka haɗe a 2006 suka zama Thermo Fisher. Invitrogen da Applied Biosystems suka haɗe a 2008 suka zama Life Technologies, a 2014 Thermo Fisher ta saye su a kan dala biliyan 13.6. Merck ta Jamus, wadda ba ita ce ta Amurka ba, ta sayi Sigma-Aldrich a 2015 a kan dala biliyan 17. Danaher ta sayi Cepheid a 2016, ta sayi Abcam a 2023. Kwalbar da ke kan shiryayye ba ta canza ba, sunan da ke jikinta ma sau da yawa yana nan, amma wanda kake rubuta wa wasiƙa ya canza, sharuɗɗan wakilci sun canza, mafi ƙarancin abin da za ka iya oda ya ƙaru. Ƙaramin dillali irinmu sai dai ya ji a sama.

Girman nan yana da amfaninsa, ban musa ba. Lokacin korona, da ba don manyan da ke iya ninka abin da suke haɗawa cikin makonni ba, da gwajin bai kai ko'ina ba. Cinikin Thermo Fisher ya tashi daga kusan dala biliyan 25 da rabi a 2019 zuwa sama da biliyan 32 a 2020. Amma a lokacin ne kuma muka gane matsayinmu a layi. Wanda ya fi kuɗi shi ake fara sallama, kuma a 2021 har tsinken fifet, robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, sai da ya zama abin nema. Na ga masu bincike suna wanke wanda aka yi amfani da shi suna dafawa.

Misalin da ya fi kusa da mutanenmu shi ne injin GeneXpert na Cepheid, wanda ake gwajin tarin fuka da shi a asibitoci da dama a Najeriya. Injin ba ya cin kwanson gwajin kowa sai na kamfaninsa. Tun 2012 farashin kwanso ɗaya ga ƙasashe irin namu dala 9.98 ne, sai a Satumbar 2023, bayan matsin lamba daga ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ta MSF da wasu masu fafutuka, Danaher ta sauke shi zuwa 7.97. Dala biyu ce tsakani. Ninka ta da yawan masu tari a layin asibiti ɗaya kawai ka ga abin da take nufi.

Sai kuma naira. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, dalar da take wajen 460 a hukumance ta kama hawa har ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Da, takardar farashinmu tana aiki kwana talatin. Muka mayar da ita mako ɗaya, daga baya kwana biyu. Malamin da ya rubuta neman tallafin asusun manyan makarantu na TETFund da lissafin tsohuwar dala, kuɗin suka fito lokacin sabuwa, sai ya zo ofis ya zauna muna bin jerinsa layi-layi muna yanke abin da za a iya haƙura da shi. Wani Dakta ya ce mini, "Malam, ka bar mini abin da zai fitar da yaran nan kawai, binciken nawa ya jira." Ɗalibai kuma suka koma karo-karo, biyar su haɗa kuɗi su sayi roba ɗaya, mu raba musu a ƙananan robobi a kan ƙanƙara, kowa da sunansa a murfi. Samfurin da za a karanta jerin DNA ɗinsa yawanci Ibadan ake aikawa, wurin Inqaba Biotec, kamfanin Afirka ta Kudu da ke da reshe a harabar cibiyar binciken noma ta IITA, shi ma sai an tara a aika tare don a raba kuɗin mota.

Wannan matsin ne ya sa muka fara duba wasu ƙofofin. Kamfanonin Sin sun shigo da farashi mai sauƙi, wasu kayansu kuma ba su da laifi ko kaɗan. Akwai Solis BioDyne, wani kamfani a garin Tartu na ƙasar Estoniya, da ke haɗa sinadaran PCR masu jure tafiya ba tare da ƙanƙara ba. Mutanen ƙasar sanyi sun warware matsalar mutanen Kano, abin har dariya yake ba ni. Amma ƙa'idar Hajiya ɗaya ce, ba ma sayar da sabon abu sai mun gwada shi gefe da gefe da wanda muka sani, a jel ɗaya, rana ɗaya. Wannan yana cin lokaci da kuɗi, kuma abokan gasarmu da ba sa yi sukan riga mu kai farashi. Mun rasa kwangiloli saboda haka. Wasu sun dawo bayan wata shida, wasu ba su dawo ba.

Tunda na ce zan faɗi yadda wurin aikinmu yake, bari in faɗi har da abin da ba ya mini daɗi. Albashi bai taka kara ya karya ba. Cikin shekara biyu mutum biyu masu kyau sun tafi, ɗaya Legas, ɗaya karatu waje, kuma ban ga laifinsu ba. Hutun shekara a takarda yake, a zahiri sai ka roƙa kamar bashi. Hajiya tana iya kiranka ƙarfe goma na dare don ta tuna wani abu, ta kuma fara da "Ba ka yi barci ba ko?" bayan ta tashe ka. Duk shawara a hannunta take ƙarewa, in ta yi tafiya Umara abubuwa da dama sai su tsaya cak. Na faɗa mata wannan a gabanta, ta ce ta ji, ba ta canza ba.

A ɗaya gefen, abincin rana a faranti ɗaya muke ci, ita ma da cokalinta, direba yana gefenta. Ranar Juma'a ƙarfe goma sha biyu da rabi an rufe. Ƙarshen shekara tana buɗe littafin lissafi a gaban kowa, ta ware kashi goma na riba a raba, kuma shekarar firiza da rabon ya zo ɗan kaɗan ba wanda ya kalli yaron sito da ido biyu, ko da yake akawu ya yi ɗan tari. Duk wanda ke sayar da kaya dole ya iya amfani da shi, saboda haka wata ɗaya a shekara kowa yana yin kwanaki a benci. Idan ɗaliba ta kira tana kuka gwajinta ya ƙi fitowa, ba a cewa "kayanmu lafiya lau suke." Ana tambayarta ta turo hoton jel, a tambaye ta digirin da ta sa, a tambaye ta inda ta ajiye robar daren jiya. Sau da yawa firjin sashensu ne ya kwana babu wuta. Wani lokaci kuma laifin namu ne, mu canza mata.

Bayan abin da ya faru, Hajiya ta fasa sayen motar da ta yi niyya, aka sa sola da batura, aka raba kayan firiza biyu a layin wuta daban-daban, aka saka wata 'yar na'ura da ke rubuta sanyi da kanta duk minti goma, in ya haura 15 ƙasa da sifili ta aika saƙo wayar mutum uku. Aka kuma sayo wani littafi mai baƙin bango aka ajiye a sito. Duk wanda ya yi kuskuren da ya shafi kaya zai rubuta da hannunsa, ranar da abin ya faru, me ya faru, me aka yi. Sharaɗin littafin shi ne abin da ka rubuta da kanka ba a cire maka kuɗi a kansa, abin da aka gano ba ka rubuta ba kuwa, wannan wata magana ce. Shafin farko na yaron ne. Na uku nawa ne, na bar akwati a bayan mota a rana na shiga banki. Yanzu yaron shi ke riƙe da sito gaba ɗaya, ya kuma shiga karatun yamma a fannin kimiyyar gwaje-gwaje, Hajiya na biyan rabin kuɗin.

Makon jiya, ƙarfe biyu da kwata na dare, wayata ta yi ƙara. Saƙon na'ura ne, firiza ta biyu tana 14 ƙasa da sifili. Na zura jallabiya na hau babur. A bakin ƙofa na tarar da yaron ya riga ni, da silifas ɗaya nasa ɗaya na matarsa, don bai daɗe da aure ba. Muna kokawa da kwaɗo sai ga fitilar motar Hajiya, ɗanta ne ya tuƙo ta. Wuta lafiya lau, batura a cike. Murfin ne bai zauna ba, wani kwali ya tokare shi ta gefe. Yaron ya gyara, muka tsaya muna kallon lamba tana sauka, 15, 16, 17. Sai ya ce a hankali, "Hajiya, ni ƙarfe biyar na rufe, kuma na danna." Ta ce, "Na sani. Ni na dawo bayan isha'i na ɗauki kayan Farfesa." Ta miƙa hannu ta ce a ba ta littafin da biro, ta jawo kwali ta zauna, ta tambaye ni yau nawa ga wata.